Ma'ajiyar da Ke Ɗauke da Sunan Sa'adatu

Dab da magariba na biya shagon ɗiyar yayata, Sa'adatu, a Gyadi-Gyadi. Awara na kai mata. Shafukan intanet take ginawa, ni kuwa tsokana ce sana'ata.

"Kawu, zauna ka gani," in ji ta. "Burawuza, wato manhajar buɗe intanet, tana ɓoye tsohon shafi a wata ma'ajiya mai suna, don ya buɗe ko babu data. Ina tambayar ta suna, ta ce akwai ko babu. Ba ni sunan da na san ban ƙirƙira ba."

"Sa naki mana, Hajiyar kwamfuta. Mu ga ko an adana ki."

Ta yi tsaki tana dariya, ta rubuta sunanta. Amsa ta fito a allon kwamfutar.

Akwai.

Dariyar ta tsaya. Janaretan maƙwabta ya mutu. Ko ƙarar adaidaita ɗaya ba na ji daga titi. Wani wari ya taso, kamar gashi na ƙonewa.

"Ban yi wannan ba," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ta goge ma'ajiyar. Ta sake tambaya.

Akwai.

Ta buɗe. Hoto ne guda: bayanta, da mayafin da ke jikinta, da awarar a gefe. An ɗauke shi daga inda babu komai sai bango.

"Rufe, Sa'a. Mu tafi."

Ta juyo, fuska a sake.

"Kawu, zauna ka gani."

Muryar ɗazu. Murmushin ɗazu.

Na kashe data. Na cire wayar kwamfutar daga soket. Allon bai ko ƙifta ba.

"Kawu, zauna ka gani."

Hannunta ƙanƙara. A hoton kuwa, kanta ya fara juyowa. Idanun cike da hawaye, leɓɓan na kiran sunana.

Na fara Ayatul Kursiyyu, ta ɓace mini. Babu abin da na iya. Na dai rungumo ta, na ja ta waje, muka zube a bakin kwata. Sai ladan ya ɗaga murya, ta ja numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya.

Ta warke, har ta koma aiki a Gyadi-Gyadi. Amma wata rana sai in gaishe ta, ta ba ni amsar tambayar jiya. Uwarta na cewa gajiya ce. Ni dai in na je gidan, sai na tambaye ta yau wace rana, kuma ba na zama sai ta faɗa daidai.