Kwaɓin Nahla a Saman Ƙofa

"Yaya Yolla, ki rantse ba za ki kore ta ba!"

Ƙanwata Ruba ce ta damƙe min hannu a kicin. 'Yata Maya na barci a kafaɗata, gahawa na tafasa tana zuba a wuta.

"Yi a hankali. Me ya faru?"

"Nahla ce... ta manna kwaɓin burodi a saman ƙofar ɗakinta. Ta waje, Yaya! Kuma Tufik ya gani."

Na sauke gahawar daga wuta.

Ni da mijina Ghassan muke riƙe da ɗan masaukin baƙi a ƙauyenmu, can kan dutse saman garin Batrun a Lebanon. Gidan na Baffa Tanyus ne, wan mahaifinmu, aronsa ya ba mu. Tun farko na kafa ƙa'ida: in mutum biyu suka zo, ba na tambayar abin da ke tsakaninsu. Nakan nuna musu ɗaki mai gado ɗaya da mai biyu, in kawar da kai su zaɓa. A hankali labari ya bazu a Beirut. Mata biyu, maza biyu, sukan zo su kwana hankali kwance. 'Yan ƙauye sun ɗauka abokai ne masu son iskar dutse.

A haka Nahla ta zo bara daga Kanada, ganin ƙasar kakanninta. Kafin ita da Ruba su faɗa min na gane suna son juna. Ruba da sai an ja mata bargo take tashi, ita ce ke sammakon gasa manakish, gurasarmu ta safe, ta zaɓi mafi laushi ta kai wa Nahla. Bana Nahla ta dawo, kuma ba don dutse ba.

Amma ko yaron goye a garinmu ya san amarya ce kaɗai ke manna kwaɓi a saman ƙofa, ranar tarewarta; in ya kama, aure zai daɗe. Nahla a bakin kakarta ta ji, ta ɗauka an daɗe da mantawa.

Tufik kuwa, ɗan Baffa, ya daɗe yana neman Ruba tana ƙin sa. Tulun gas ya kawo mana, ya ajiye ya juya da gudu.

Ba a jima ba suka shigo tsakar gida shi da Baffa.

"Barkanku da biki!" in ji Tufik yana tafi. "Ina angon? Ko yana ƙarƙashin gado ne?"

"Rufe mana baki," Baffa ya ce. Ya dube ni. "Yolla, masauki na ba ki ko me?"

"Baffa, baƙuwa ce, ba ta san al'ada ba. Wasa take..."

"Ba wasa nake ba."

Nahla ce tsaye a ƙofa, har yanzu da fulawa a yatsunta. Na yi mata ido, na roƙe ta da duk fuskata. Ba ta ko kalle ni ba.

"Ina son ta, Baffa. Ban zo in tozarta kowa ba."

"Ni ba baffanki ba ne." Ya juya. "Ke Ruba, me kika ce?"

Ruba ta buɗe baki. Hawaye kawai suka zubo.

"To. Kafin rana ta faɗi matar nan ta bar min gida, ko ku duka ku kwashe kayanku. Uwarku kuma, da ciwon zuciyarta, ku zaɓa: ta ji ko kada ta ji."

Ghassan ya sunkuyar da kai. Ni kuwa Maya na kalla. Ina zan kai jaririya ga sanyi na tafe?

A ɗaki na same su. Nahla ta riƙe fuskar Ruba da hannu biyu.

"Rabin raina, taho mu tafi. Yau ɗin nan."

"Da wace biza? Mama fa? Wa zai ba ta magani?"

"Zan jira ki a Beirut..."

"Tufik zai biyo mu har can. Za su ƙwace gidan Yaya." Ta sumbaci tafin hannun Nahla. "Ki tafi, hasken idona. Kada ki jira ni. Ba zan iya zuwa ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba."

"Ruba!"

"Don Allah... kafin in kasa sakin ki."

Ni na ɗauki jakar Nahla zuwa mota. Na cusa mata zaitun da manakish a leda, don ban san me kuma zan yi da hannuwana ba. Ta rungume ni ta ce, "Ki kula min da ita." Na ɗaga kai kawai.

Da motar ta sha kwana, na dawo na tarar da Ruba tana yaye zanen gadon Nahla, tana ninkewa a tsanake kamar kullum.

"Ruba, ki yafe min. Wallahi da ni kaɗai ce..."

"Na sani, Yaya. Ba laifinki ba ne." Ta rungume zanen a ƙirjinta. "Kowa ya zo gidan nan kin samar masa ɗaki. Ni ce kawai babu nawa."

Maya ta farka da kuka. Na tsaya a tsakiya, na rasa wadda zan fara rarrashi.