Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Jama'a, kwana biyun nan ko abinci ba ya shiga bakina.

Ɗana na fari ya tafi neman aiki Agadas tun kafin azumi. Daga nan shiru, wayarsa a kashe. Ran Laraba da rana tsaka ina dawowa daga cefane, sai na ga takarda manne a jikin tsamiyar bayan kasuwa: "Kira kyauta. Muna nemo wanda ya ɓata."

Hankalina bai kwanta da ita ba. Sai na ɓoye lambata yadda Yaya Sahura, 'yar kawuna, ta koya mini, sannan na kira.

Ko ringin ba ta yi ba aka ɗauka.

"Sannu, Delu."

Kakata kaɗai ke kirana Delu, ita kuwa ta daɗe a ƙasa.

Na ce, "Baiwar Allah, ai na ɓoye lamba."

"Mu muka biya kiran. Mai biya yana ganin mai kira."

Muryar mace ce, a sanyaye. Amma tana ta magana ban ji ta ja numfashi ba. Kasuwar ma ta yi tsit, ko kukan akuya babu.

"Muna ganin yaron. Faɗi sunansa."

Kun san ɗan fari. Tun ranar suna bakina bai taɓa kama sunansa ba, "yaron nan" nake cewa. Na buɗe baki, kunya ta riƙe ni.

"Faɗi, Delu. Daga bakin uwa muke so."

Na kashe wayar, na ruga gida ina a'uziyya.

Da na ba Yaya Sahura labari, sai ta ce, "Ke dai da ƙauyanci! Layin kyauta dama haka yake, ɓoye lamba ba ya aiki a kansa."

"To Delun fa, Yaya? Layina ma da sunan maigidana aka yi rajistarsa."

Sai ta ce, "Kar ki sake bi ta tsamiyar nan ke kaɗai."

Washegari muka koma tare. Ba takarda, ba ko alamar manni.

Yanzu kullum rana ta take, sai wayata ta yi ƙara, ba lamba. Jiya na ɗauka. Can nesa na ji muryarsa, ko mai kama da tasa: "Inna, kira ni mana."

Sun san lambata, sun san sunana. Nasa kaɗai ya rage musu. In na faɗa, ban sani ba ko dawo mini da shi za su yi, ko ni ce zan miƙa musu shi.

Don Allah iyaye mata, ku gaya mini: in faɗa, ko in ci gaba da riƙe bakina?