Ruwan da Alhaji Maliki Bai Aika Ba

Da hantsi Alhaji Maliki ya shigo ofishin 'yan sanda na Kamlin, ya ɗora wayarsa a teburin Sufeto Abdulwahab, ya ce an yi masa sata.

Sufeto ya tambayi abin da aka ɗauka. Tsohon ya ce ba a ɗauki komai ba. Wayar ba ta bar aljihunsa ba, amma ta yi magana da sunansa.

Sufeto ya ajiye biro.

Maliki shi ne samad, shugaban manoman da ke shan ruwan tur'a ɗaya, wato magudanar ban-ruwa. Shi ke faɗin gonar da za a sakar wa ruwa da wadda za ta jira. Shekaranjiya saƙo ya fita daga wayarsa zuwa ga mai gadin ƙofar ruwa, cewa a juya ruwan zuwa gonar Iya Sakina, tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar mata fili a wutsiyar tur'a. Alkamar manyan gari ta kwana da ƙishi. Sun ce ranar Juma'a in an sauko daga masallaci za su tsige shi.

"Ban aika ba, Janabu, ranka ya daɗe. A nemo mini wanda ya ari bakina."

Sun sami Osman mai gadi a bakin tur'a yana dafa jabana, gahawarsu ta gargajiya. Ya rantse muryar Alhaji ya ji, ya kuma goge saƙon. Sufeto ya karɓi wayarsa ya duba. Saƙon yana nan, kuma rubutu ne.

"Tun yaushe Alhaji ke rubuta maka saƙo?"

Osman ya sunkuya. Ya ce bai taɓa ba, kullum murya yake turowa. Shi kuma ba ya karatu, ya ji kunyar faɗa a gaban mutane. Da abin ya shigo sai ya kai wa Hanan, jikar Alhaji, wadda ta dawo gida tun da aka rufe jami'arsu.

"Yarinyar akwai ilimi, Janabu. Ko gama karɓar wayar daga hannuna ba ta yi ba, ta karanta mini."

Sufeto ya rubuta sunan Hanan a littafinsa.

Daga nan sai shagon Hamid, wanda ke saita wa duk garin waya. Hamid ya ce kowace waya da lambar sirrinta, shi kansa bai san su ba. Dattawa uku na zaune a benci suna jiran caji. Sufeto ya sa Maliki ya buɗe tasa yana kallon yatsunsa, sannan ya karɓi na dattawan ya danna lambar nan. Duk suka buɗe.

Lambar filinsu ce a tsarin noman Jazira, wadda ke rubuce a jikin ƙofar ruwa. Hamid ya ce ita kaɗai tsofaffin ba sa mantawa. Da aka matsa masa ya duba wayar Maliki, ya ce an ɗaure ta da wata kwamfuta, duk abin da ke ciki ana gani daga can.

Kwamfuta ɗaya ce a garin, kuma a gidan Maliki take.

Hanan na zaune a rumfa tana tsince waken suya. Da ta ga mai kakin sarki tare da kakanta, ta ture faifan gefe.

"Me kike karantawa a jami'a?"

"Tsaron kwamfuta."

"Tsaro ko shiga?"

"Sai ka iya shiga kake iya tsarewa, Janabu."

Ba ta yi musu ba. Ta ce ta sha gaya wa kakanta ya canza lambar, yana mata dariya, yana cewa amaryarsa ta fara mulki tun kafin ta tare. Sai ta shiga wayar don ta nuna masa kawai. Malamansu sun ce kada a taɓa shiga ba da izini ba, ta san wannan, ta yi niyyar fita nan take. Amma ta ji saƙonnin da ke ciki. Sau da dama layin Iya Sakina na zuwa, a tsallake shi a ba wa abokan shan shayin Alhaji.

"An koya mana kada mu buɗe ƙofar wani. Ba wanda ya koya mana yadda za mu yi da abin da muka gani bayan mun buɗe. In na yi shiru, alkamarta ta mutu. In na faɗa, na tona kakana da abin da na sato. Sai na yi ƙarya da sunansa. Har yanzu ban san wanne ya fi muni ba."

Sufeto ma bai sani ba. Ya saba da ɓarawon akuya da mai fasa shago. Wannan ta saci ruwa ta kai wa mai shi.

Maliki ya yi gyaran murya, ya ce ya janye ƙara, maganar gida ce. Ya miƙa hannu a ba shi wayarsa.

"An riga an rubuta, ya Hajj. Wayar ma shaida ce. Alƙali zai saurari duk abin da ke ciki."

Hannun tsohon ya tsaya a iska.

Hanan ta yafa mayafinta, ta ɗauki kwamfutar da kanta ta nufi motar 'yan sanda. A bakin zaure ta juyo.

"Kaka, in sun maido maka da wayar, ka canza lambar."