Gwangwani Ɗaya Kowace Talata

Ƙarfe huɗu bai cika ba, amma duhu ya fara sauka lokacin da Wiebe ya jingine kekensa a ƙofar gidan gilashi na lambun birni. Watan Janairu ne, ruwan magudanai duk ya daskare. Ya shafa aljihun kwat ɗinsa. Gwangwanin shayin yana nan.

Ragowar tokar matarsa Aukje ce a ciki. Shekara arba'in da ɗaya suka yi tare, bai taɓa ganin mai tsoron sanyi irinta ba, ko a tsakiyar lokacin zafi da safa take kwana. A gadon asibiti ta riƙe hannunsa ta ce, "Kai dai tsoho, duk yadda za ka yi da ni, kada ka bar ni a sanyi." Da aka ƙone gawar aka miƙa masa tokar, sai ya tuna da gidan gilashi, inda ayaba da kwakwa ke gumi shekara duka. An hana zuba toka a wurin, shi ya sa bawan Allah ya koyi sata da tsufansa: gwangwani ɗaya kowace Talata, a gindin wata ayaba da ke can ƙurya. Yau ne na ƙarshe.

Yana shiga, zafi ya mare shi, tabarau ya yi hazo. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Ruwa na ɗiga daga rufi, ɗis, ɗis. Ya goge tabarau ya nufi ƙuryar.

Babu ayaba. Rami ne kawai.

"Ashe kai ne, Baba," in ji Femke, mai kula da shuke-shuken, da tiyo a hannunta, tana kallon gwangwanin da ya ciro. Ta rage murya. "Mun daɗe muna neman mai zuba mana toka. Ai ƙona saiwa take yi, ayabar ta mutu. Tun Juma'a muka kwashe ƙasar."

"Kuka kai ta ina, 'yar nan?"

Ta nuna waje da haɓa. Ta cikin gilashi ya hango tulin ƙasa a bayan gini, ƙanƙara ta lulluɓe shi fari fat.

"Ka yi haƙuri, da na sani... Bari in kashe fitilun baya, yanzu za a rufe."

Takunta ya yi nisa. Wiebe ya tsaya yana kallon tulin.

Ɗigar ruwan ta tsaya.

Sai ya ji wani sauti, ƙasa-ƙasa. Kaf-kaf-kaf. Haƙora ne ke haɗuwa. Ya san karkarwar nan, shekara arba'in da ɗaya yana jin ta a bayan wuyansa.

Aka ƙwanƙwasa gilashin daga waje.

Tafin hannu ya bayyana a jikinsa, ɗan ƙarami, ƙanƙara na yaɗuwa daga yatsun. Ganyayen da ke kusa suka yi baƙi, suka lanƙwashe.

"Wiebe." Raɗa ce. "Kwana huɗu ke nan."

"Aukje, ban sani ba. Na rantse ban sani ba."

"Ɗan ba ni hannunka, tsoho."

Ya ɗora tafinsa a kan nata. Fatar ta manne. Sanyi ya bi damtsensa, ya haura kafaɗa, ya gangara ƙirji. Numfashinsa ya fara yankewa, kuma bai yi ƙoƙarin janyewa ba.

"Kana da ɗumi," in ji muryar. "Zo mana."

Femke ce ta fizgo shi ta wuyan kwat, suka zube tare cikin ramin. Fatar tafinsa ta rage a kan gilashi.

Da aka sallame shi daga asibiti, ya komo da shebur da buhuna. Babu tulin. Motar hukuma ta kwashe shi, an baza ƙasar a gindin itatuwan titunan birni, babu wanda ya iya ce masa ga inda aka kai. Ya yi kuka a tsaye kamar yaro.

Tun ranar bai sake kunna na'urar ɗumama gidansa ba. Yana zama a bakin taga, a buɗe, iska na shiga yadda take so. Maƙwabciyarsa ta yi faɗa har ta gaji, ta ce zai kashe kansa a banza. Ya dube ta ya ce shi bai ga da wane ido zai ji ɗumi shi kaɗai ba.