Labulen Auta

Auta tana share zare a ƙarƙashin keken ɗinki Baba ya shigo, fuskarsa babu walwala.

"Zauna, Auta. Attajirin da ke neman kujera ya ba ni ɗinkin rigunan kamfen, aikin da zai riƙe gidan nan shekara guda. Sai ga malamin makarantar da kike so yana tara jama'a don yi masa zanga-zanga."

"Baba, filin wasan yara fa ya saye, da sa hannun waɗanda ya ɗora a ofis."

"Ni tela ne, ba alƙali ba. Ko Malam ya janye daga zanga-zangar nan, ko maganar aurenku ta mutu."

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, amma ba ta mayar masa da magana ba. Da Malam ya zo da yamma ta gaya masa komai.

"In kin ce in janye, zan janye," ya ce a hankali.

"Ka janye ka koya wa yaran me? Tsaya nan, ina zuwa."

Ta fito da farin yadin da ta ajiye don labulen ɗakin aurenta.

"Haba Auta, labulenmu?"

"In babu aure, wa zai leƙa mu? Gobe ka zo ka karɓi bana, ƙyallen da za ku ɗaga a zanga-zangar."

Washegari masu zanga-zanga suka biyo ta ƙofar shago. Baba ya ɗaga kai. Tun daga nesa ya gane kalmasar bakin banar: layi biyu, yadda shi kaɗai yake koyarwa. Ransa ya ɓaci. Sai ya dubi masu riƙe da ita, yara ne cikin yunifom ɗin da ya auna musu da hannunsa, ya san kafaɗar kowanne. Ana haka iska ta fizgi banar, gefe guda ya yage daga sanda.

Shekara arba'in Baba bai taɓa barin aikin shagonsa ya tafi a yage ba.

"Kai, Malam, kawo nan. Wa ya ɗinka wannan cikin gaggawa haka?"

Auta ta sunkuyar da kai. Baba ya ture rigunan kamfen gefe, ya ɗora banar a keke, ya bi ta da ɗinki mai ƙarfi a gaban kowa.

Kafin yamma attajirin ya aiko aka kwashe aikinsa. Gidan ya sha wuya wata da watanni, Auta tana ɗinkin faci ba ta taɓa gunaguni ba. Maganar fili kuwa har yau ana fafatawa, amma yara suna buga ƙwallonsu.

Ranar da ta tare a gidan Malam, ta tarar da sabon labule a ƙofarta, kalmasarsa layi biyu.

Ku riƙe wannan, yarana: gaskiya ba ta hana ladabi, kuma wanda ya haɗa su biyun ya yi haƙuri, ba zai taɓe ba.