Sata a Asibitin Dabbobi

Sufeto bai gama shan shayinsa na safe ba wayar ofis ta yi ƙara. Saje ce ta ɗauka, ta saurara, ta ajiye.

"Yallaɓai, an yi sata a asibitin dabbobin da ke bayan gidan mai. Magunguna aka kwashe, irin waɗanda doka ta ce a riƙa kullewa. Ƙaramin likitan wurin ne ya kira."

Sufeto ya ture kofin gefe, ya ɗauki hularsa.

Asibitin ɗan ƙaramin gini ne, ko'ina sai warin maganin wanke ƙasa. Suna shiga wani kare ya yi haushi daga cikin keji. Saje ta koma bayan Sufeto ta laɓe.

"Ke da kike kama 'yan fashi?"

"Yallaɓai, ɗan fashi yana jin magana."

Ƙaramin likita ya kai su ɗakin tiyata, ya nuna musu wani kabad na ƙarfe a jikin bango. Kantocin ƙasa cike suke. Na sama kuwa wayam.

"Me ake ajiyewa a nan?"

"Masu ƙarfin, Yallaɓai. Waɗanda muke sa dabba barci da su."

Sufeto ya duba kwaɗon. Ko ƙwarzane babu. Ya duba taga, a kulle take ta ciki. Ga kwamfuta a kan tebur, ga na'urar gwajin jini, babu wanda ya taɓa su.

"Su wa ke da mabuɗi?"

"Ni da babban likita, mai asibitin."

"Ina naka?"

Saurayin ya zaro shi daga wuyansa, a jikin zare. "Ko wanka zan yi ba na cire shi."

"Shi babban likitan fa?"

"Yana gida. Ya ɗauki hutu daga yau."

"Lafiya?"

Ƙaramin likita ya kalli ƙasa. "Mura ce kawai."

Sufeto ya bar ɗakin. Ya fito wurin sakatariya, wata dattijuwa mai tabarau da ke zaune a bakin ƙofa. A ƙarƙashin teburinta wani tsohon kare ne kwance, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafarta.

"Wannan ma mara lafiya ne?"

"A'a, na babban likita ne."

"Me yake yi a nan, ubangidansa yana gida?"

Ta cire tabaranta ta goge, ta mayar. "Ya ba ni riƙo ne."

"Saboda mura?"

Ta shafa kan karen. Sufeto ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya sassauta murya.

"Mama, ba laifinsa nake nema ba. Na ga kuna son rufa masa asiri, kuma hakan ba aibu ba ne. Amma ki gaya mini abin da kika gani jiya."

Idanunta suka kawo ruwa.

"Ba riƙo ba ne, kyauta ya ba ni. Karen nan da ko ɗan'uwansa ba ya bar wa. Ya kira yaron nan ya damƙa masa duk dabbobin da yake dubawa, ɗaya bayan ɗaya. Da zai tafi ya bi mu kowa ya ce a yafe masa. Har mai shara."

"Tafiya ya ce zai yi?"

"Bai ce ba. Ni dai na ji daɗi ma, don har dariya ya yi. Rabon da mu ga haƙorinsa tun rasuwar 'yarsa."

"Yaushe ta rasu?"

"Bara. Gimbiya muke ce mata, ba ta gama firamare ba. Zazzaɓi ne ya kama ta, ya ba ta magani ya ce a bari zuwa safe. Kafin a kai ta asibiti abin ya yi nisa. Tun daga nan mutumin nan ba ya cikin hayyacinsa. Yana zuwa aiki, amma gangar jiki ce kawai."

Sufeto ya miƙe tsaye da sauri har kujerar ta yi ƙara. Ya karɓi kwatancen gidan babban likita, ya yi wa Saje alama su fita.

A tsallaken titi wani mai faci yana zaune a kan tsohuwar taya. Sufeto ya tsaya kansa.

"Da wuri kake fitowa?"

"Kafin kowa, ranka ya daɗe."

"Ka ga wani ya shiga asibitin nan da safe?"

"Na ga motar gidan likita, jar nan mai fasasshiyar fitila a baya. Ta tsaya ta ƙofar baya, ba ta jima ba ta tafi."

"Wa ke tuƙi?"

"Wallahi kaina yana cikin taya. Motar dai na sani, ni nake mata iska."

Suna shiga motarsu Saje ta ce, "Shi ke nan, Yallaɓai. Mai kaza ne ya saci ƙwansa. Ya kwashe zai sayar, ya ce ɓarayi ne."

"Ina ma haka ne," in ji Sufeto. "Mutum ya kyautar da abin da ya fi so, ya sauke aikinsa, ya nemi gafarar kowa, ya kuma sami natsuwa farat ɗaya bayan dogon baƙin ciki. Taka motar nan, Saje."

Saje ta dube shi, fuskarta ta canza. Ta taka motar har suka isa.

Jar motar tana ajiye a harabar gidan. Sufeto ya leƙa ta gilashi, ya daɗe yana kallon kujerar direba, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Matar likita ce ta buɗe, gajeruwar mace, idanunta sun yi zuru-zuru kamar wadda ta manta yadda ake barci.

"Maigidan yana nan?"

"Yana ciki."

"Kin gan shi da idonki? Yanzu?"

"Yanzu na fito daga wurinsa. Yana ɗakin yarinyar, a zaune."

Sufeto ya sauke numfashi. Ta ba su wuri a falo, ita kuma ta zauna a hannun kujera, inda take hango ƙofar wani ɗaki da aka bari a buɗe. Ya gaya mata abin da ya kawo su.

"Ikon Allah," ta ce, ba ta dube shi ba. "Mu dai yau babu wanda ya fita a gidan nan."

Ta tashi ta kawo musu lemu a faranti, ta fara ɓarewa da farce. Ɓawon ya ƙi, ruwan yana bin yatsunta.

"Yaya, bari in ɗauko wuƙa," in ji Saje. Kafin matar ta hana ta, ta shige kicin. Da ta fito hannunta babu komai. Ta sunkuya ta yi wa Sufeto raɗa.

Sufeto ya miƙe ya ce zai wanke hannu. A ƙofar banɗaki ya ga ramukan kusoshi inda sakata take a da. Ya buɗe ɗan akwatin magani da ke saman madubi. Babu komai sai auduga. Ya dawo ya zauna.

"Likita dogo ne, ko? Na ga hotonsa a asibiti."

"Dogo ne."

"Kujerar motarku an jawo ta har ta kusa haɗuwa da sitiyari. Babu wuƙa ko ɗaya a kicin ɗinki. An cire sakatar banɗaki. Malama, ina magungunan?"

Lemun ya suɓuce daga hannunta. Ta toshe bakinta don kada kukan ya kai ɗakin.

"Suna bayan mota, ƙarƙashin safayar taya," ta ce da ƙyar. "Ko kwalba ɗaya ban buɗe ba. Ni na ɗauki mabuɗin a aljihunsa yana wanka."

"Me ya sa?"

"Jiya ya dawo babu kare. Ya zauna ya ci abinci sosai, ya ce na yi haƙuri da shi, Allah ya saka mini. Ya nuna mini inda takardun gida suke. Ya ce yau zai leƙa asibiti shi kaɗai ya ɗauko wani abu." Ta share hawaye da bakin mayafinta. "Na gama kwashe na gida tuntuni. Can ne kawai ya rage. Na binne 'yata, Yallaɓai. Ba zan iya binne ubanta ba."

"Kin tambaye shi?"

"Me zan ce? Ina tsoron in furta kalmar in zama ni na sa masa ita a rai."

"Tambaya ba ta sa wa mutum abin da babu shi. In kuwa yana nan, ita ce ke buɗe masa ƙofa. Wa kika gaya wa?"

"Babu kowa. Kada a ce ya haukace, ko a ce ba shi da tawakkali."

"Ke kaɗai kike gadin mutum dare da rana?"

Ta gyaɗa kai.

"Kin yi ƙoƙari. Amma wannan kaya ya fi ƙarfin kai ɗaya. Wa yake jin maganarsa a dangi?"

"Yayansa."

"Kira shi yanzu, ki gaya masa gaskiya yadda take. Saje, zauna da ita."

Sufeto ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, ya yi sallama a bakin ɗakin. Likita yana zaune a gefen wani ɗan ƙaramin gado, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa. Jakar makaranta tana rataye a bango.

"Na ji komai," in ji Likita. "Ku ƙyale ta. Ni ne sanadi."

"Zan iya zama?"

Likita ya ɗaga kafaɗa. Sufeto ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. 

"Likita, zan yi maka tambaya, ba ta aiki ba. Kana tunanin kashe kanka?"

Mutumin ya ɗago a firgice. Ya buɗe baki kamar zai musa, sai kafaɗunsa suka sauka.

"E."

"Yau ka shirya?"

"Yau."

"Na gode da ka gaya mini."

"Ba za ka yi mini wa'azi ba?"

"Na san ka ji da yawa. Ni saurare na zo yi."

Sai maganar ta ɓalle kamar an fasa tulu. Ya ce shi da yake gane ciwon dabbar da ba ta iya magana, ya kasa gane na 'yarsa da ta ce masa, "Baba, kaina." Ya ce kullum da wannan kalmar yake kwana, da ita yake tashi. Ya ce duk wanda ya zo sai ya ce masa ƙaddara ce, ya yi haƙuri, shi kuma sai ya amsa da to. Ya ce in matarsa ta dube shi, gani yake mai kisa take kallo, gara ya huta ita ma ta huta.

Sufeto bai katse shi ba. Sai da ya yi shiru don kansa sannan ya ce, "Ba zan ce maka na san zafin da kake ji ba, ban sani ba. Amma abu ɗaya na sani, don aikina ne. Na ga shaidu a gidan nan. Matar da take son ta huta da kai ba za ta kwance sakata da hannunta ba. Ba za ta yi sata dominka ba."

Likita ya rufe fuskarsa da tafukansa.

"Ban ce ka yi mini alkawarin shekara ba. Na yau kawai nake nema. Akwai likitocin da aikinsu ke nan, kamar yadda naka yake dabbobi. Mu je su gan ka yanzu. Ba kama ka na yi ba, rakiya zan yi."

"In ba su iya ba fa?"

"Sai mu nemi wasu. Amma yau ba za a bar ka kai kaɗai ba."

Matar tana tsaye a bakin ƙofa, ba su ji zuwanta ba.

"Baban Gimbiya," ta ce, "ni ma ina wurin daren nan. Ni ma na yarda a bari zuwa safe. Ban taɓa ɗora maka ba, ko sau ɗaya. Kewarta nake yi, kuma kai kaɗai ne za ka gane, ga shi ka rufe mini ƙofa."

Ya miƙa mata hannu. Ta zo ta durƙusa ta kama, suka yi kukan da kowannensu ya daɗe yana yi a ɓoye. Sufeto ya fito ya tsaya a falo, inda yake hango su.

Ba a jima ba yayan Likita ya iso, ko maɓallan rigarsa bai gama sawa ba. Bai yi faɗa ba, bai yi tambaya ba. Ya rungume ƙanensa ya ce, "Ɗan'uwa, na tare a gidan nan sai ka gaji da ni."

Saje ta ɗauko jakar magungunan daga bayan jar motar, ta ɗaure bakinta, ta kulle ta a but ɗin motarsu. Ta kira ƙaramin likita ta shaida masa an samu kayan cif, ta ce kada a mayar wa kowa da mabuɗi na biyu tukuna.

Sufeto ya sa hularsa, ya juyo wurin matar.

"Malama, kin amsa laifinki da bakinki. Dole ki zo ofis ki ba da bayani, ni kuma zan rubuta dalili yadda na gan shi. Amma asibiti za mu fara zuwa."

Ya buɗe musu ƙofar bayan motar 'yan sanda. Likita ya shiga, yayansa ya zagaya ta ɗaya gefen. Matar ta tsaya da ƙafa ɗaya a waje, hannunta na dama har yanzu yana cikin na mijinta.

"Yallaɓai, za a sa mini ankwa?"

Sufeto ya dubi hannuwan nasu.

"Wani ya riga ni," ya ce. "Shiga mu tafi."