Kin Ɗauke Ni, Ki Sauke Ni

Ranar wata Talata, da la'asar sakaliya, na hau babur ɗin Ramalan ɗan acaɓa daga Rano, za ni wata ruga a bayan Unguwar Gai in kai hoto. Aiken ke nan, ba wani abu ba. Kuma raina a ɓace na hau.

Sunana Uwa, a Rano Uwa mai hoto ake ce mini. Ba wanda ya koya mini sana'ar nan. Maigidana ya rasu ya bar kyamara a akwati, na yi ta danne-danne har ta saba da ni. Mata suna kirana biki da suna saboda ina shiga inda namiji ba ya shiga. Da fim ya wuce memori ya zo, shi ma na koya, ina tambaya ana yi mini dariya. Abu ɗaya na riƙe gam: hoton mutane ba ya kwana a wuri ɗaya a hannuna. Yana cikin memori, in kwafe shi a filash, in kuma tura shi intanet ta waya. Wanda ya ga wannan wahala ce, ya bar kyamara ya je ya sayar da rake.

Saminu ne ya ɓata mini rai. Shi ma mai hoto ne, shagonsa na bakin tasha. Tare muka yi aikin sunan 'yar fari ta wani makiyayi, Manu, shi yana wajen maza da kyamarar bidiyo, ni ina cikin mata. Ba a jima da sunan ba zazzaɓin jego ya kwantar da mai jegon, Saude, Allah ya karɓi abarsa. Manu ya je wurin Saminu neman bidiyon, don an ce ta gilma a ciki. Wai Saminu ya goge, ya ɗora bikin wasu a kai.

Har shagon na same shi.

"Hajiya, wallahi memorin ne ya cika."

"Kanka ne bai cika ba. Filash ɗin kwafewa ma ya gagare ka? Ka goge baiwar Allah kamar ka goge majina, kana zaune kana cin gyaɗa!"

Ya sunkuyar da kai. Da ya tanka, da na kifa masa farantin gyaɗar a ka.

Manu da kansa ya zo zaurena, ya tsuguna, sandarsa a kan gwiwa. Bai kama sunanta ba, su ba sa yi. "Hajiya, ko kina da hoton mai ɗakin nan? Don yarinyar nake nema. In ta girma ta san fuska."

Guda ɗaya gare ni. Ranar sunan Saude yini ta yi da mayafi a fuska, kunyar ɗan fari irin tasu, ko kallon jaririyar ba ta yi a gaban mutane. Sai dab da magariba, na zaga bayan bukka, na hange ta a gindin wata tsamiya ita kaɗai. Ta ɗaga 'yarta sama tana yi mata dariya, wushiryarta a waje. Ban yi magana ba, na danna. Fitilar kyamara ta haska wurin, ta ja mayafi ta gudu.

Da na wanke hoton a injina na gida, na ga mu ba uku ba ne a wurin. A jikin tsamiyar akwai wata mace, doguwa, ta fi ƙofar ɗaki tsawo. Ta miƙo hannu ta kan kafaɗar Saude. Ita kyamarar take kallo.

Na ce inuwar reshe ce. Na sa hoton a ambulan na kira Ramalan.

Mun wuce Kibiya rana ta yi ja. Muka bar kwalta muka shiga burji, dawa ta yi tsawo dama da hagu, ba ka ganin komai sai kara. Ramalan yana ta ba ni labarin tsadar mai, ni ina ta zagin Saminu a zuciya. Muka gangara wani rafi da ruwansa ya janye, sai yashi da duwatsu. A tsakiyarsa babur ya yi tari sau biyu ya mutu.

"Fulogi ne, Hajiya. Yanzun nan."

Na sauka. Ya tsuguna a gindin injin. Can nesa wani ladan ya fara kiran magariba, ya kai rabin shahada, sai muryar ta yanke kamar an toshe mini kunne da auduga.

Kwaɗi suka yi shiru. Gyare ya yi shiru.

Wani wari ya taso, na tsamiyar da aka jiƙa ta kwana, haɗe da toka mai sanyi.

"Ramalan," na ce a hankali. "Yi sauri."

Bai motsa ba. Na leƙa fuskarsa. Idonsa a buɗe, sifana a hannu, ƙuda na tafiya a kan leɓensa bai kore shi ba.

Karan dawa ya motsa a hayin rafin. Ba iska.

Ta fito. Ba ta taka yashin ba, ko in ta taka bai nuna ba. Sai da na ɗaga kai sosai kafin na ga inda fuskarta take, kuma ba zan faɗa muku yadda take ba.

Na kama Ayatul Kursiyyu, harshena yana sarƙewa.

"Karanta," ta ce, muryar kamar ana jan tabarma a ƙasa. "Mu ma muna karantawa. Ke ce mai ɗaukar mutane?"

"Hoto nake ɗauka."

"Kin ɗauke ni. Ki sauke ni."

Wallahi haushi ya fi tsoro yawa a raina. Tun safe nake neman wanda zan sauke wa.

"Wa ya gayyace ki sunan? Wa ya ce ki shigo mini hoto? Ke kika kashe mai jegon?"

"Ba mu kashe kowa ba. Kallon jaririya na fito, kamar ke. Kika watsa mini wuta a ido, ba sallama, ba bisimilla. Tun ranar ban shiga gidana ba. Kin raba ni wuri-wuri kin ɗaure. 'Ya'yana suna kuka a cikin itace."

Na kasa kunne. Can ƙasa-ƙasa, ta wajen rugar, akwai wani sauti kamar na 'yan kyanwa a cikin rijiya.

Na yi lissafina irin na tsohuwa. In goge na memori a gabanta, ta tafi, sauran suna nan. Na ciro kyamara, na nemo hoton, na nuna mata, na danna. "Shi ke nan. Na goge."

Tsawonta ya ragu kaɗan. Na gani da idona.

"Saura na cikin lalitarki."

Ban taɓa gaya wa kowa inda filash ɗina yake kwana ba. Na kwance bakin zane, na ciro shi. Ba kwamfuta a rafi. Na ɗora shi a kan dutse, na ɗauki wani dutsen na buga, na sake bugawa, ina jin kamar haƙorina nake fasawa.

Ta ƙara raguwa. Ta kuma matso.

"Saura wanda kika rataye a sama. Can ne ya fi sanyi."

"Nan ba sabis," na ce. Gaskiya na faɗa, duk mai bin hanyar nan ya sani.

Wayar ta yi haske a cikin jakata, ba wanda ya taɓa ta. Na duba. Sabis a cike.

Na shiga, na nemo Saude tana dariya, na goge. Ina sane da cewa abin da aka goge a can ba ya tafiya nan take, yana zama a kwandon shara na wani lokaci, mai shi na iya dawo da shi. Na mayar da wayar jaka, na haɗe fuska.

Warin tokar ya ƙaru har ya shaƙe ni.

"A shara kika zuba ni?"

Numfashinta ya taɓa goshina. Sanyi kamar randa.

"Ni? A juji?"

Na fito da wayar. Na buɗe kwandon, na share shi tas.

Yanzu tsawonmu ɗaya. Ta miƙo hannu. Yatsun sun yi yawa, ban tsaya ƙirgawa ba.

"Na takardar."

Shi kaɗai ya rage a duniya. Na ciro ambulan na rungume a ƙirji.

"Wannan kam ba ki isa ba. Marainiya ce ke jiransa."

"Ina ciki."

Na fito da hoton, na kama gefen da tsamiyar take, na yage shi daga sama har ƙasa, a hankali, ina bin kafaɗar Saude. Na jefa mata. "Ga naki. Bar mini nawa."

Takardar ba ta kai ƙasa ba. Ban ga inda ta shiga ba.

Ba ta tafi ba.

"Hannuna," ta ce.

Na kara hoton a hasken waya. Hannun da ta miƙo ta kan kafaɗar Saude ya sauka ne a kan zanen goyon jaririyar. Yana nan, yatsu a baje.

"Yago mini da yarinyar. Ki riƙe uwar."

Nan ne idona ya rufe.

"In ba ki 'yar mutane? Uwarta na kabari, ubanta na tsugune a zaurena kamar maraya, ke kuma in yago miki ita ki shiga da ita kogon itace? Ke ma uwa ce, kin ce. Ba ki ji kunya ba?"

Kukan nan na cikin itace ya ƙaru.

Na zura hannu a jaka ina lalube, ban ma san me nake nema ba. Na ci karo da magogin goro. Haƙorana sun daɗe da gajiya, sai na goga goro nake ci. Na ɗora hoton a cinyata, na sa magogin a kan hannun nan, na fara kankarewa.

Ƙar. Ƙar. Ƙar.

Duk kankara ɗaya sai ta ja numfashi ta haƙora.

Na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa kan jaririyar ba. Garin takardar na tara a tafin hannuna, fari, da ɗumi kamar an sauke daga wuta.

Na miƙa hannun, na kau da kai.

Wani abu mai kaushi ya lashe tafin.

Sai kiran salla ya dawo, daidai inda ya yanke. Kwaɗi suka ɗauka. Ramalan ya kore ƙuda daga bakinsa ya ce, "Na ce miki fulogi ne." Ya buga, babur ya tashi.

"Ja mu tafi."

"Hajiya, lafiya? Hannunki jini."

"Na ce ja!"

Ban waiwaya ba har muka ga wutar rugar.

Manu ya karɓi hoton da hannu biyu, a gaban fitilar kwai. Yagagge ne, ga wani farin tabo a kan zanen goyon. Ya daɗe yana kallo. Mahaifiyarsa, wadda ke riƙe da jaririyar, ta leƙo ta kafaɗarsa, ta ce wani abu da Fillanci, ta sa gefen mayafi a ido.

"Ashe ta ɗauke ta," in ji Manu. "Ban taɓa ganin ta ɗauke ta ba."

Ya nuna tabon. "Nan fa?"

"Abin da ba naku ba ne na cire. Kada ka ƙara tambayata."

A rugar na kwana, don ko da duka ba mai sa ni in sake bin rafin nan a ranar. Da safe, rana ta fito sosai, na ce Manu ya kawo hoton in ɗauke shi da waya, ko ba komai a samu na biyu. Na shimfiɗa shi a kan faifai, na yi bisimilla da ƙarfi, na danna.

A takarda tabon fari ne fat. A fuskar wayar, yatsun suna nan a kan zanen goyon, cif.

Na goge kafin ya hau sama. Na share kwandon. Na kashe wayar gaba ɗaya.

Tun daga ranar ba na ɗaga kyamara in rana ta yi ja, kuma kafin in danna sai na yi sallama, har yara suna cewa Hajiya ta fara ruɗewa. Su ce. Tafin hannuna na dama har yau ba ya jin zafi ba ya jin sanyi. Saminu kuwa in ya hango ni sai ya shige shago, kuma gara ya shige, don da ya yi aikinsa yadda ya kamata da ban tsaya ciniki da abin da na tsaya da shi ba.

Na naɗe wa Manu hoton a leda biyu, na sa a gwangwanin madara mai murfi. Na ce ya rataye shi nesa da ƙasa saboda gara, nesa da murhu, kada ya ba kowa aro, ko ni. Da aka girbe dawa suka tashi da shanunsu suka yi kudu. Fuskar Saude tana can a cikin gwangwani a bayan jaki, ana ƙetare koguna da ita, kuma yarinyar ko zama ba ta fara ba.